Na Iyalai Ne Kawai

Marsa Lahsa,
Asabar, 12 ga Yuli, 1986

Zuwa ga Yaya Hadda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya ƙafa, ya kuma zafin Setif? Ni ƙalau nake, kada wani ya gaya miki wani abu daban.

Yaya, kin san ni. Shekara biyu na yi a sakandare Baba ya rasu, na fito da wando ɗaya. Walda da ido na koye ta, ba wanda ya kama hannuna. A rumfar kwano na fara, bayan tashar mota, yau ina da shago mai ƙofa uku da ma'aikata tara. Na gina gida hawa biyu, ko bulo ɗaya babu na gado a ciki. Na sayi Fijo sabuwa fil. Na sauke farali. Ki bi layin masallacinmu ki ƙirga ƙofofin ƙarfe, rabinsu aikin hannuna ne. Ban taɓa tsayawa a ƙofar wani ina sunkuyar da kai ba. Duk wannan daga Allah sai ni.

To, mai waɗannan abubuwan ne jiya aka tsayar a bakin shinge kamar mai tallan gyaɗa.

Kin san zangon bakin teku da matata marigayiya Dahbiya take zuwa duk lokacin zafi ita da 'yarmu Wahiba. Likita ya ce iskar teku za ta yi wa ƙirjina amfani, sai na ɗauko tantinta na taho. Mai kula da wurin wani tsoho ne, Si Ammar, yana zaune a ƙofa da rajista a kan cinya.

"Sannu da hanya, Alhaji. Ina iyalin?"

Na miƙa masa littafin iyalina na hukuma, na ce, "Ga su nan."

Ya buɗe, ya duba, ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ita kuma 'yar na ga ta yi aure, ta koma littafin mijinta. Alhaji, ni mutane nake saukewa, ba takarda ba." Ya nuna mini allon da ke jikin shinge: NA IYALAI NE KAWAI.

Na ce, "Na yi maka kama da samarin da ke zuwa leƙen matan mutane?"

Ya ce, "A'a wallahi, ka fi kama da kakansu. Amma dokar ba ta duba furfura."

Na gaya masa shekara goma sha huɗu iyalina suna sauka a nan. Ya tambayi suna, na ce Lakhdar Kerbush. Ya duba rajistar bara, ya shiga ɗaki ya ɗauko ta bara waccan, da ta gabanta. Babu. Sai ya sake duba littafina, ya dafa kai.

"Dahbiya? Lalla Dahbiya ta fili na sha bakwai, mai gurasar nan da yara ke yi wa layi? Ashe kai ne mijin! Wallahi mu duk mun ɗauka kana Faransa."

Faransa, Yaya! Ni da nake kawo su da motata har bakin titi, in sauke musu kaya, in juya saboda shago. Ashe duk shekarun nan da sunan wan Dahbiya, Tahar, ake rubuta su, don shi yake shiga da su. Tantin nawa, rishon nawa, har cokulan nawa, amma suna na Tahar, wanda yanzu yana can Wahran ko gaisuwa ba ya aikowa.

Ga yadda muka rabu. Ya bar ni na kafa tanti a wajen shinge, kusa da tankin ruwa, inda ake ajiye motoci. Fili na sha bakwai, wanda ke ƙarƙashin ɓaure, ya ce zai riƙe shi har la'asar ɗin Alhamis saboda darajar Dahbiya. Idan iyalina sun zo, namu ne, kuma a rubuta sunana. Idan ba su zo ba, akwai wasu mutanen Batna da ke jira.

Ki sanar da Wahiba. Ban ce ki roƙe ta ba, sanarwa ce kawai. Mulud direban bas yana zuwa kullum, ki ba shi amsa.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki,
Lakhdar


Setif,
Lahadi

Lakhdar,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan yadda ka bar ta. Maƙwabciyata malamar asibiti ce take rubuta mini, na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Da aka karanta mini farkon takardarka na ɗauka mutuwa ka yi ake jero ayyukanka. Wa kake gaya wa? Ni da na goye ka? Daga Allah sai kai, ko? To ƙofofinka na farko wa ya shafa musu fenti? Da idona na ga Dahbiya a tsakar gida da cikin wata bakwai, ta ɗaure hanci da ɗankwali tana shafa jan fentin nan mai wari. Wannan ba ka ƙirga ba.

Kuma wane likita? Kai da ko allura ba ka yarda a yi maka. Ka buɗe ɗakin ajiya ka ga tantin matarka, gida ya yi maka faɗi, ka gudu. Faɗin haka ba ya rage mutum.

Maganar Wahiba, ba ni zuwa. Ba ni na kore ta ba. Idan ka manta bari in tuna maka, malama rubuta. Ranar da Dahbiya take kwance a asibiti, sau biyu yarinyar nan ta buga waya shago, ka ce bari ka gama ɗora ƙofar mutane. Ka iso an rufe mata fuska. Yarinya tana kuka ta ce, "Baba, yau ma a makare ka zo." Kai kuma a gaban masu ta'aziyya ka ce ta fita daga gidan da ka gina da guminka. Ta fita. Wata takwas ke nan. Yanzu kuma in je in ce mata ubanta yana neman iyali na aro don a ba shi inuwar ɓaure?

Kana da hannu, kana da boko har na shekara biyu a sakandare. Rubuta mata da kanka. Gidan mijinta Rabah bai tashi daga inda yake ba.

Da ƙafata tana taka tsakuwa da na zo na zauna maka a matsayin iyali, ko don in ga yadda kake dafa gahawa. Na ba Mulud gurasa huɗu da man zaitun. Ka ci, kada ka ce ba ka karɓar taimako, wannan ba taimako ba ne, gurasa ce.

Allah ya shirye ka.
Yayarka,
Hadda


Marsa Lahsa,
Litinin

Yaya Hadda,

Gaisuwa mai yawa. Gurasa ta iso, na gode. Sauran maganganun kuma na ji. Ki gaya wa malamar rubutunta yana da kyau, abin da aka sa ta rubuta ne dai.

Wani abu ya faru jiya, ban san wa zan gaya wa ba sai ke.

Kin san duk shekara kafin su taho nakan ƙera wa Dahbiya sababbin turakun tanti, na ƙarfe, guda goma sha biyu, masu tsini, da zobe a kai. Ba irin na kasuwa masu lanƙwashewa ba. Takan karɓa ta ce, "Allah ya ƙara wa hannun nan albarka." Bana ma na ƙera wa kaina. Sai dai nan ba yashi ba ne, ba kuma ƙasa ba, tsakuwa ce zalla, sumul-sumul kamar ƙwai. Ka buga turke ya shige, ka ja shi da yatsa biyu ya fito. Na dai buga su haka nan.

Jiya bayan azahar iska ta taso daga teku. Ina ciki ina shan gahawa, sai kawai tanti ya kwanta a kaina. Na fito da rarrafe, Yaya, ni da na je Makka. Zangon gaba ɗaya yana kallo ta cikin shinge. Wata dattijuwa mai shanya, Lalla Zuhur, ta leƙo ta ce:

"Alhaji, gini kake rushewa ko kwanciya ce ta zo da gaggawa?"

Na ce iska ce. Ta ce, "Iskar kai kaɗai ta sani? Dubi namu." Na duba. Ba tanti ɗaya da turke. Kowa buhu yake cikawa da tsakuwa, ya ɗaure igiya a wuyan buhun. Wasu babban dutse suke naɗe wa igiyar.

Na ce, "Matata shekara goma sha huɗu da turakuna take kafawa."

Ta yi dariya har ta saki zanen da ke hannunta. Da ta ga fuskata sai ta daina. Ta ce, "Kai ne na Dahbiya? Ai ita ta koya mini ɗaurin buhu."

Si Ammar ya ja ni ɗakin ajiyarsa. A lungu, bayan tsofaffin kujeru, ga turakuna ɗauri-ɗauri, kowane an naɗe shi da tsumma. Na ƙirga, goma sha huɗu. Ko ɗaya ba a taɓa bugawa ba. Ya ce duk shekara takan kawo ta ce a ajiye mata, kada a ba kowa, aikin maigidanta ne. Ya ce sau ɗaya ya roƙe ta guda biyu zai ɗaure akuya, ta hana.

Me ya sa ba ta gaya mini ba? Kalma ɗaya, da na san abin yi. Ni mutum ne da ba a iya gaya wa magana?

Kada ki amsa wannan.

Na cika buhu shida da hannuna, tanti ya tsaya. Lalla Zuhur ta miƙo mini soyayyen kifi ta saman shinge, na ce na ƙoshi, ta ce ba tambayata ta yi ba. Na ci.

Wurin nan da rana ba ya shiru. Yara suna gudu da takalman roba, iyaye mata suna ƙwala musu kira, maza suna binne kankana a bakin ruwa don ta yi sanyi. Ruwa in ya ja da baya sai tsakuwa ta yi ƙara kamar ana juye buhun noti. Ni ina tsakanin motoci. Da safe masu ɗibar ruwa sukan gaishe ni, har wani ya tambaye ni ko ni ne sabon maigadin tanki. Daga inda nake ina hango ɓauren. Ba kowa a ƙarƙashinsa.

Zan rubuta wa Wahiba, amma ba don kin ce ba.

Ƙaninki,
Lakhdar


Marsa Lahsa,
Talata

Zuwa ga Wahiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Rabah, da yara.

Ina sanar da ke cewa ina zangon Marsa Lahsa. An riƙe filin mahaifiyarki har la'asar ɗin jibi Alhamis. Ba a ba mutum shi kaɗai. Idan kun zo za a ba mu. Akwai tanti, akwai risho, akwai komai, ba sai kun ɗauko ko bargo ba. Bas ɗin Mulud yana isowa da hantsi, akwai wani kuma da azahar.

Yaran suna bukatar iskar teku, kowane likita zai gaya miki haka.

Abin da ya faru ranar rasuwa ya faru. Mutum yakan yi magana cikin zafi.

Na ga turakun.

Mahaifinki,
Alhaji Lakhdar Kerbush


Setif,
Laraba

Baba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. Rabah yana gaishe ka. Yara sun ji an ce teku, tun jiya ba su bar ni na zauna ba.

Na karanta takardarka sau uku ina neman wata kalma, ban same ta ba. Amma na ga ka ce ka ga turakun, kuma na san abin da rubuta wannan ya ci maka.

Tunda ka gan su, bari in gaya maka sauran. Duk shekara in ka sauke mu a bakin titi kakan ce, "Sai Alhamis, in na rufe shago." Ka tuna? Wataƙila ba ka tuna ba, a bakinka kamar sallama ce. Mama kuwa da gaske take ɗauka. Ranar Alhamis tun safe take tuƙa kuskus, ta ware maka naka a kwanon nan mai murfi. Ta sa ni in yi wanka in sa rigar kirki, mu hau bakin titi mu zauna a kan dutse. Motar hantsi ta wuce, ta azahar ta wuce. Duk farar Fijo da ta ɓullo sai ta miƙe tsaye. In la'asar ta yi sai ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Aiki ne ya riƙe shi, mutane ba sa barin mai hannu ya huta." Mu sauko, ta raba abincinka ga maƙwabta. Da Si Ammar ya taɓa tambaya, ni ce na ce masa kana Faransa. Ina da shekara goma sha uku, kunya ce ta ishe ni.

Sau ɗaya na ce mata ta gaya maka turakun ba sa aiki. Ta ce, "Bar shi. Shi ke nan abin da ya iya bayarwa, kuma da zuciya ɗaya yake yi."

Baba, ba zan zo gobe ba. Rabah ya ce hakan bai dace ba, mun yi musu sosai. Wataƙila shi ke da gaskiya. Amma na gwada a raina in hau motar Alhamis in iso maka a kan lokaci, na kasa. Filin kuma ko an ba ni ba zan iya kwana ƙarƙashin ɓauren nan ba tukuna.

Rabah yana da hutu daga Asabar. Idan na iya, za mu zo. Ban yi alkawari ba, na ga abin da alkawari yake yi a wurin nan. Kuma ka sani, ni yanzu a littafin Rabah nake. Da sunansa za a ba da fili, kai kuma Si Ammar zai sa ka a layin baƙi na ƙasan shafi, inda ake rubuta wanda ya zo yini. Idan ba za ka iya ɗaukar wannan ba, ka koma gida kafin Asabar, kada yara su zo su ga ana rigima a ƙofa.

Ka riƙa sa hula, ranar wurin tana da zafi.

'Yarka,
Wahiba


Marsa Lahsa,
Juma'a da safe

Wahiba, 'yata,

Assalamu alaikum. Ki gaida Rabah, ki shafa mini kan yara.

Takardarki ta same ni shekaranjiya da yamma. Duk da haka jiya na hau bakin titi. Na sami dutsen, ba shi da wuyar ganewa, shi kaɗai ne mai wurin zaman mutum biyu. Motar hantsi ta zo, Mulud ya ɗaga mini hannu. Ta azahar ta zo, mutum bakwai suka sauka. Na zauna har la'asar. Sau ɗaya ke nan na yi, kuma na san ba mai zuwa. Ban san yadda ta yi ba.

Da na sauko na tarar mutanen Batna suna kafa tanti a ƙarƙashin ɓaure. Mutanen kirki ne, na kama musu igiya.

Kalmar da kika nema: ki yafe mini. Na yi wa mahaifiyarki laifi, na yi miki. Gidan nan naki ne, ita ma da guminta aka gina shi.

Ban koma ba, ina nan kusa da tanki. Gobe zan sake hawa titi. In kun zo, a ba da fili da sunan Rabah, ban ce komai ba, ko kusa da bayan gida ne. Amma layin baƙi, a'a. Na je na gaya wa Si Ammar, ya ce ba shi da ikon sa mutum cikin iyali sai iyalin sun faɗa da bakinsu. Saboda haka a bakinki abin yake.

Ki tsaya a kansa har ya rubuta, a sama tare da ku, ba a ƙasan shafi ba, kuma da biro, ba da fensir ba: Lakhdar Kerbush, mijin Dahbiya, uban Wahiba. Ba sai an sa Alhaji ba. Amma a rubuta.

Babanki